Wa ya hana fim ɗin Hausa zuwa bukukuwan baje koli na duniya?

Kwanakin baya wani matashin darakta, ɗan wani aminina, ya iske ni gida bayan sallar isha'i da kwamfutarsa a hammata. Bayan mun gaisa ya ce, "Baba, so nake ka duba mini Turancin da aka rubuta a ƙasan fim ɗina, domin zan aika shi bikin baje kolin fina-finai a Amurka." Na yi murna ƙwarai, saboda a tsawon shekarun da na yi ina bibiyar harkar fim ɗin Hausa, ba kasafai nake jin irin wannan buri daga bakin yaranmu ba. Muka zauna muka kalla. Labarin wata bazawara ce mai tuyar ƙosai da ke fafutukar kada dangin mijinta su cire 'yarta daga makaranta, kuma ko shakka babu yaron yana da ido. Sai da muka gama na tambaye shi ko akwai wanda ya taɓa ganin fim ɗin. Ya amsa da fara'arsa cewa ai wata uku ke nan yana kan YouTube, dubban mutane sun kalla sun yaba. Nan take jikina ya yi sanyi, domin bikin da yake hange ba ya karɓar dogon fim ɗin da aka riga aka sakar wa duniya a intanet. Ya rufe wa kansa ƙofa tun bai ƙwanƙwasa ba, kuma babu wanda ya taɓa faɗa masa.

Ga mai karatun da harkar ba ta dama ba, bikin fina-finai mai zaman kansa taro ne da ake yi shekara-shekara domin nuna ayyukan da ba manyan kamfanoni suka ɗauki nauyinsu ba. Mafi shahara shi ne Sundance, wanda aka daɗe ana yi cikin Janairu a garin Park City na jihar Utah, kuma aka yanke shawarar mayar da shi Boulder ta jihar Colorado daga 2027. A irin wannan taro ne masu sayen fina-finai don gidajen sinima da talabijin, da 'yan jarida, da masu ba da tallafi suke farautar sababbin hannu. Kambun yabo ƙaramin abu ne a cikin lissafin. Babbar ribar ita ce a sayi fim ɗinka, ko a ba ka jarin na gaba. Gasar kuwa ba ta wasa ba ce: a 2024 ayyuka sama da 17,000 aka aika wa Sundance, aka ɗauki dogayen fina-finai tamanin da 'yan kai da gajeru 53.

To, tun daga Turmin Danya na 1990 zuwa yau, fiye da shekara talatin ke nan, masana'antarmu ta fitar da dubban fina-finai, ta yi taurarin da ake tarewa a filin jirgi daga Yamai har Kumasi. Amma idan aka zo lissafin fina-finan Kano da Kaduna da Jos da suka tsallake tantancewar manyan bukukuwan nan, sai baki ya mutu. Amsar da na saba ji a majalisar 'yan fim ita ce Turawa ba sa son harshenmu da addininmu, ko kuma 'yan Kudu sun tare hanya. A nawa ganin wannan magana ta fi kama da lallashin zuciya, kuma tarihi bai goyi bayanta ba.

Mu duba maƙwabtanmu. Aïcha Macky, 'yar Damagaram, ta yi fim ɗin gaskiya mai suna Zinder a kan matasan unguwar Kara-Kara, da Hausa tsantsa, aka fara nuna shi a bikin Visions du Réel na ƙasar Suwizalan a 2021, daga nan ya zaga duniya. Kafin ita, Sani Magori ya yi fim a 2008 a kan manoman albasar Galmi da yadda farashin albasa ke hana aure ko ya ɗaura shi, shi ma ya fita waje ya samo yabo. Albasa fa, jama'a! Idan aka koma baya, Oumarou Ganda na Nijar ya kai Cabascabo birnin Cannes a 1969, kuma shi ne ya fara cin babbar kyautar FESPACO ta Wagadugu a 1972. Mu ma nan gida muna da Shaihu Umar, wanda Adamu Halilu ya yi a 1976 daga littafin marigayi Abubakar Tafawa Ɓalewa. Ya yi shekaru a ɓace, aka tsinto shi a rumbun ajiyar Hukumar Fina-finai ta Najeriya a 2016, Jamusawa suka taimaka aka gyara shi, aka nuna shi a bikin Berlin a 2018. Mutanen da suka zauna fiye da awa biyu suna sauraron Hausar 1976 ba za a ce harshen ne ya dame su ba.

Su kuwa 'yan Kudun da ake zargi, ba gadon kujerar suka yi ba. Akinola Davies ya fara da gajeren fim, Lizard, wanda ya ci babbar kyautar gajerun fina-finai a Sundance a 2021, sai a 2025 dogon fim ɗinsa My Father's Shadow ya zama na farko daga Najeriya da ya shiga jerin zaɓaɓɓun Cannes. C.J. Obasi ya kai Mami Wata Sundance a 2023, baƙi da fari, da Turancin buroka, aka ba mai ɗaukar hotonsa kyauta ta musamman. Waɗannan mutane sun karanta ƙa'ida, sun tsara aikinsu a kanta tun ran gini. Mu kuwa sai an gama gini muke tambayar ina ya kamata a sa ƙofa.

Ƙa'idar da ta fi cin mu ita ce wadda ta ci ɗan aminina, wato sharaɗin nunin farko. Manyan bukukuwa suna son su zama su ne suka fara nuna fim ga duniya, ko aƙalla su ne suka fara nuna shi a wajen ƙasarsa. Ke nan nuna fim a sinima a Kano ba lallai ya kashe damarsa ba, amma YouTube ba ta da iyakar ƙasa. Ranar da ka ɗora, ka nuna shi a Amurka da Faransa da Japan gaba ɗaya. Na san abin da ke kawo gaggawar. Tun da kasuwar kaset da faifai ta Ƙofar Wambai ta durƙushe a hannun masu satar fasaha da masu tura fim a waya, furodusa ya koma dogaro da shiri mai dogon zango a YouTube ko a tashoshi irin su Arewa24, inda kuɗin wannan mako ne ke ɗaukar na mako mai zuwa. Wanda ya ci bashi ya yi fim, ka ce masa ya kulle shi a akwati wata shida ko shekara yana jiran amsar wasu mutane a ƙetare, ka nemi abu mai wuya. Amma haka kasuwar take. Sundance kan rufe karɓa wajen Agusta zuwa Satumba domin bikin Janairu. Wanda ba zai iya jira ba, da muguwar rawa gara ƙin tashi. Ya ajiye kuɗin rajistarsa.

Sai fassarar ƙasan allo, wadda ita ce ta kawo yaron wurina, kuma a nan nake so in daɗe. Abin takaici ne yadda wannan fanni ya zama abin ba'a a fina-finanmu, har mutane na ɗaukar hotonsa suna yaɗawa don dariya. Dalili kuwa sananne ne: bayan an kashe miliyoyi a kan kaya da motoci da gidan haya, sai a miƙa fassara ga wani ƙane da ya gama sakandare, a ba shi kwana biyu da kuɗin cefane. Alhali mai tantancewa a Utah ko Rotterdam ba ya jin ko "sannu". Duk hikimar marubuci, duk habaici da zaurance da karin magana, ta wannan layi biyu na ƙasan allo kaɗai za su isa gare shi, kuma kowane layi bai wuce haruffa arba'in da 'yan kai ba. Aikin ya wuce sanin Turanci. A fim ɗin yaron nan akwai inda uwa ta ƙi kiran sunan ɗanta na fari, ta kau da kai lokacin da ya dawo daga tafiya. Bahaushe na gani ya san alkunya ce, har ma ya ji ƙwalla. Baƙo kuwa zai ɗauka ƙiyayya ce, ya karanta sauran labarin a karkace. Mai fassara na ƙwarai zai nemi kalma guda a bakin wata maƙwabciya da za ta haska wannan ba tare da ya mayar da fim lacca ba. Muna da sassan Hausa da na Ingilishi a Jami'ar Bayero da ta Ahmadu Bello da ta Usmanu Danfodiyo, cike da masu iya wannan aiki, amma tsakaninsu da 'yan fim sai gaisuwa daga nesa.

Sauti ma haka. Ido yana yafe hoto mai rauni, kunne ba ya yafe ƙarar janareto da ta babur a bayan maganar masoya. Batun waƙa kuwa ya fi haɗari, domin takardar shiga biki tana sa ka rattaba hannu cewa kai ne mai haƙƙin duk abin da ke cikin fim ɗin. Karin da aka ɗebo daga fim ɗin Indiya aka sa masa baitin Hausa zai iya wucewa a nan, can kuwa magana ce ta lauya. Ba ina cewa a daina waƙa ba ne. Muna da kalangu da kukuma da garaya da ba mu ara wurin kowa ba.

Akwai ƙorafi guda da nake ɗauka da muhimmanci, kuma daga masu hankali nake jin sa. Suna cewa bukukuwan Turai da Amurka ba sa sha'awar Arewa sai in labarin ta'addanci ne, ko almajiri, ko auren dole, saboda haka mai neman shiga zai ƙare da tallar tsiraicin gidansu. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki. The Milkmaid na Desmond Ovbiagele, wanda akasarinsa da Hausa aka yi kuma Najeriya ta tura gasar Oscar ta 2021, labarin tayar da ƙayar baya ne. Sai dai ina tambaya: idan mu ba mu aika komai ba, wane labari masu zaɓe za su gani in ban da wanda wasu suka kawo a kanmu? Ƙauracewarmu ce ta bar filin. Fim ɗin albasar Galmi bai nuna bindiga ko ɗaya ba. Mai Martaba, wanda Najeriya ta zaɓa a 2024 domin Oscar, labarin sarauta ne da gadon mulki. Masu zaɓe mutane ne da suka gaji da ganin abu iri ɗaya, kuma rayuwar mahauci a Kano ko ta malamar asibiti a Azare baƙuwa ce a idonsu fiye da yadda muke zato.

Dole kuma in ja kunne game da 'yan damfara. Yawancin rajista yanzu ta shafin FilmFreeway ake yin ta, inda dubban bukukuwa suka jera sunayensu, na gaske da na bogi. Akwai waɗanda ba su da zauren nuni ko ɗan kallo guda, sana'arsu karɓar kuɗin rajista kowane wata da raba wa kusan kowa tambarin ganye don ya liƙa a fosta. Kuɗin rajista kan kama daga 'yan gomomin daloli zuwa sama da ɗari, yana ƙaruwa yayin da ranar rufewa ke matsowa, ga shi tun 2024 dala ta haura naira dubu. Kafin mutum ya biya, ya bincika: shekara nawa bikin ya yi, a wane zaure ake nunawa, waɗanne fina-finai ya nuna bara, ina suka kai bayan nan. Kuma ba dole sai an fara da Sundance ba. Akwai AFRIFF da aka fara a Fatakwal a 2010, akwai Zuma a Abuja, akwai KILAF a nan Kano don fina-finan harsunan Afirka, da bikin Kaduna, ga Durban a Afirka ta Kudu. A waɗannan ne mutum zai koyi tsayawa gaban baƙi ya amsa tambaya a kan aikinsa.

Inda nake ganin laifin manyanmu shi ne nan. Jihar Kano ta kafa hukumar tace fina-finai tun 2001, kuma kusan duk muhawarar da muka yi a kan fim cikin shekarun nan ta tsaya ne a kan abin da za a hana. Ban ƙi a tsare tarbiyya ba. Amma kuɗin da ake kashewa a liyafar karrama taurari ta dare ɗaya zai isa a biya wa fina-finai goma fassara mai kyau, da gyaran sauti, da rajista, da tikitin jirgin darakta. Aïcha Macky da Sani Magori duk sun bi ta horon fim ɗin gaskiya a jami'ar Saint-Louis ta Sanagal, ba daga sama suka faɗo ba. Asusun Hubert Bals na Rotterdam da World Cinema Fund na Berlin suna tallafa wa masu fim daga ƙasashe irin tamu, amma sai wanda ya iya rubuta takardar neman tallafi da kasafin kuɗi mai tsabta. Ƙungiyoyin 'yan fim da attajiranmu masu son a ambace su a waƙa za su iya ɗaukar mutum biyu ko uku aikinsu kawai ke nan.

Ɗan aminina ya tafi a daren nan ransa a ɓace, har na yi zaton ba zai dawo ba. Bayan sati uku sai ga shi da takardu shafi goma sha biyu, labarin gajeren fim a kan wani mai gyaran rediyo da kunnensa ya fara mutuwa. Ya ce ya karanta cewa Cannes ba ta karɓar gajeren fim da ya wuce minti 15, don haka ya yanke nasa zuwa 14. Ya ware kuɗin mai ɗaukar sauti kafin na kowa, ya kuma roƙe ni in haɗa shi da wani malamin jami'a don fassara. Na tambaye shi YouTube fa? Ya yi dariya ya ce, "Baba, wannan karon ko mahaifiyata sai ta zo gida ta gani a kwamfuta."