Tabon Da Aikin Wayarin Ke Bari A Bango

A wannan mako za mu ɗan jingine manyan batutuwan ƙasa, mu koma cikin gida.

Tun da wutar sola ta samu karɓuwa, da wuya ka ratsa unguwa a Kano ko Kaduna ko Sakkwato ba ka ji ƙarar guduma da kurfi ana fafe bango ba. Wani hanyar wayar inbata yake nema, wani na'urar sanyaya ɗaki ya sayo, wani kuma soket zai ƙara. Mai wayarin ya gama ya tafi, birkila ya cike gurbin, mai fenti ya shafe. Kafin damina ta zagayo sai ga siririn layi ya fito daga makunni zuwa silin, yana bin sawun waya sak. In ka ƙwanƙwasa wurin sai ka ji yana amsawa kamar ganga, alamar filasta ta rabu da bango. Daga nan sai a shiga nuna wa juna yatsa: birkila ya ce mai wayarin ne ya yi ɓarna, mai wayarin ya ce shafe ba aikinsa ba ne, maigida kuwa ya sake biya.

Lamarin ya wuce na ado. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma a nan ƙadangaren shi ne danshi. A bangon waje ko na banɗaki, ruwa yakan bi tsagar ya gangara har akwatin soket, inda haɗin waya yake. Ruwa da lantarki kuwa ba sa shiri.

Me ya sa sabon kwaɓi ba ya kama tsohon bango? Siminti ba bushewa ke ba shi ƙarfi ba. Ruwa ne ke haɗuwa da sinadaran cikinsa a hankali, shi ya sa injiniyoyi ke auna ƙarfinsa bayan kwana 28. Tsohon bulo kuwa mayunwacin ruwa ne: da an ɗora masa kwaɓi sai ya zuƙe ruwan tun siminti bai fara aikinsa ba, balle a lokacin hunturu ko tsakiyar bazara. Ga ƙurar da kurfi ya bari ta shiga tsakani. Ga bututun roba mai santsi da siminti ba ya maƙalewa a jikinsa. Sannan sabon kwaɓi yana ɗan tsukewa yayin da yake ƙamewa, tsohon bango kuwa ya daɗe da gama nasa. A kan iyakar da ke tsakaninsu ake samun tsaga.

Maginan gargajiya sun san wannan matsala. Sun yi amfani da makuba daga kwasfar ɗorawa, sun kuma haɗa laso da katsin marina da gashin jima da dafara, domin yaɓe ya kama kuma ya jure ruwa. Gashin yana hana tsagewa, dafara tana riƙewa. Kayan zamani ma waɗannan ayyuka biyu suke yi, sai dai kowane da muhallinsa.

Na farko shi ne kunun siminti, wato siminti da ruwa a dama da ɗan kauri a shafa da burushi. A bangon cikin ɗaki mai kaushi, wanda aka share aka jiƙa, wannan kan wadatar, kuma shi ya fi araha.

Na biyu shi ne farin gam irin na kafintoci, wanda ake kira PVA, kuma masu sikiridin sun saba da shi. Yana rage wa bango ƙishirwa, yana kama ƙura. Aibinsa ɗaya ne, amma babba: in ya jiƙe yakan sake yin laushi. Don haka falo da ɗakin kwana ne wurinsa. Sanya shi a banɗaki, ko bayan wurin wanke-wanke, ko bangon da ruwan sama ke duka, asarar kuɗi ce.

Na uku shi ne ruwan SBR, mai kama da madara, wanda ake samu a shagunan sinadaran gini. Ana dama shi da siminti a shafa, ana kuma iya zuba kaɗan cikin kwaɓin. Yana jure danshi, yana ba filasta ɗan sassauci. Ya fi tsada, amma gurbin waya ba ya cin mai yawa. Shi ya dace da bangon waje, da wurin ruwa, da kankare mai santsi.

Sharaɗi ɗaya ya haɗa su ukun: a ɗora filasta tun abin da aka shafa yana da danƙo. In aka bar shi ya bushe ƙaƙas, sai ya zama shamaki maimakon mahaɗi. A kuma bi ma'aunin da ke rubuce a jikin galan, a bar awon ido.

Akwai gaggawar da ya kamata a guje wa, wato cike gurbi da POP, ko gauraya shi da siminti don ya kama cikin mintuna. POP ba ya son ruwa, kuma in ya haɗu da siminti a wuri mai danshi yakan kumbura ya farfasa. Haka nan masu cewa a ƙara siminti don aiki ya yi ƙarfi, su sani kwaɓin da siminti ya yi masa yawa ya fi saurin tsagewa. Awo 1 na siminti da awo 4 zuwa 5 na yashi mai tsabta ya isa.

Babu gam ɗin da zai ceci gurbin da aka fafe da ganganci. Ƙa'idar gini ta Birtaniya ta ce zurfin gurbi a tsaye kada ya wuce kashi 1 cikin 3 na kaurin bango, a kwance kuwa kashi 1 cikin 6. Bulonmu mai inci 6 da mai inci 9 galibi masu rami ne, fatarsu ba kauri, don haka doguwar fafa a kwance tana raunana bango. Ginshiƙin kankare da lintal kuwa ba a taɓa su. Bayan haka a ɗaure bututu ya daina motsi, a share ƙura, a jiƙa. Gurbi mai zurfi a cike shi sau biyu, a bar na farko ya kama. A shimfiɗa raga a kai ta zarce gefe da gefe, domin ita ce gashin jiman zamani. A riƙa yayyafa ruwa har kwana 7, a kuma jinkirta fenti sai wurin ya bushe sosai.

Tushen matsalar, a ganina, yana wajen ciniki. Muna yin jinga da mai wayarin a kan waya da soket, gyaran bango kuwa sai a bar shi ba mai shi, a ƙarshe a miƙa wa yaron birkila da ragowar siminti. Tun ran gini tun ran zane. Maigida ya tambaya tun farko: wa zai cike, da me zai cike, wa zai zuba ruwa? A gwada wutar kafin a rufe. A ɗauki hoton bangon da waya tun gurbin yana buɗe, domin watarana wani zai zo da ƙusa zai rataye agogo, kuma hoton ne kaɗai zai gaya masa inda lantarki ya bi.

Kuɗin raga da ɗan galan na SBR bai kai na sake fentin falo ba. Allah Ya tsare mana gidajenmu, sai mako mai zuwa idan Ya kai mu.