A Tambayi Dutse Kafin A Sayi Inji

Sanin kowa ne zinariya da tagulla ba sa rabuwa da dutse sai an farfasa shi, an niƙe shi ya koma gari. Amma abin da jama'a da dama suka gafala daga gare shi, shi ne wannan niƙa ita ke cinye kaso mafi tsoka na wutar lantarkin masana'antar tace ma'adinai, kuma yayin da ƙarfe ke cin dutse, shi ma dutsen cin ƙarfen yake yi, har ƙwallayen ƙarfen da ke cikin injin niƙan su zaizaye.

Wani injiniya Ba'amurke, Fred Bond, na kamfanin Allis-Chalmers, shi ya fitar da ƙa'idar auna wannan al'amari a 1952, kuma har yau da mizaninsa ake aiki. Akan zuba dutsen a 'yar gangar ƙarfe mai faɗin inci 12, tare da ƙwallayen ƙarfe 285, ta riƙa juyawa sau 70 a minti guda. Sa'an nan a juye, a tankaɗe, a mayar da tsakin, a cika da sabon dutse, kamar yadda mai surfe da niƙa ke yi wa hatsinta, a yi ta maimaitawa har sakamakon ya tsaya bisa adadi ɗaya. Daga nan ake ƙiyasta wutar da kowane tan zai buƙata. Zaizaya kuwa, wani ɗan allon ƙarfe ake aunawa, a bar shi ya yi ta dukan tsakuwa tsawon sa'a guda, a sake ɗora shi a ma'auni, nauyin da ya rasa shi ne hujja.

Lalle ina ganin wajibi ne hukumominmu, da suke ta bushara da arzikin ƙarƙashin ƙasa, su shar'anta irin wannan bincike kafin ba da lasisi, su kuma wadata cibiyar binciken ƙarafa ta Jos da kayan aiki, domin dutsen Itakpe dabam, na Anka dabam, kuma injin da aka saya bisa zato asara ce tsantsa.

Ba ma taurin dutse kaɗai ake tambaya a ɗakin gwaji ba, har da abin da ya ƙunsa. A 2010, a ƙauyukan Zamfara irin su Dareta da Bagega, an niƙa dutsen zinariya da injin niƙan hatsi a tsakiyar gidaje, alhali cike yake da dalma, ƙurarsa ta hallaka yara kimanin 400, Allah Ya jiƙan su.