Ruwa Ba Ya Tsami Banza? Raddi Ga Masu Kiran Jita-Jita Wayewa

Akwai wata magana da ke yawo a majalisu da saƙonnin murya na WhatsApp, kuma masu yaɗa ta ba jahilai ba ne, cikinsu har da malaman makaranta da ma'aikatan gwamnati. Cewa suke yi mai hankali ba ya karɓar abin da hukuma ta faɗa, balle abin da ya fito daga Turai da Amurka. A ganinsu, iyayen da suka rufe ƙofa ga masu ɗigon shan inna a 2003 su ne idonsu ya buɗe, sauran jama'a kuwa rufa-ido aka yi musu. Idan aka nemi dalili sai su ce ruwa ba ya tsami banza, sannan su jero hujjoji. Hujjojin sun cancanci a bi su ɗaya bayan ɗaya, domin wasunsu gaskiya ne, kuma gaskiyar da ke cikinsu ita ce ta sa ƙaryar da aka ɗora a kansu ta yi ƙarko.

Hujjarsu mafi nauyi ita ce Pfizer, kuma babu mai adalcin da zai wuce ta da sauri. A 1996 annobar sankarau ta afka wa arewacin Nijeriya, ta kashe sama da mutum dubu goma. Ana tsakiyar wannan masifa kamfanin Pfizer na Amurka ya zo Asibitin Cututtuka Masu Yaɗuwa na Kano, ya gwada sabon maganinsa Trovan. Yara kimanin 200 aka sa a gwajin, rabi aka ba su Trovan, rabi aka ba su wani maganin da aka riga aka sani. Yara 11 suka rasu, wasu suka tashi da kurumta ko shanyewar jiki. Iyaye sun ce ba a gaya musu gwaji ake yi da 'ya'yansu ba. Daga baya ta bayyana cewa takardar izinin da aka nuna an rubuta ta ne bayan an gama gwajin, aka sa mata tsohon kwanan wata. Kamfanin ya dage cewa cutar ce ta kashe yaran, ba maganinsa ba, amma a 2009 ya yi sulhu da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75.

Duk wannan ya faru. Tambayar da masu wannan ra'ayi ba sa yi ita ce: ta wace hanya aka san ya faru? Ba ta "an ce, an ce" ba. 'Yan jaridar Washington Post ne suka bi diddigin lamarin suka buga a ƙarshen 2000. Gwamnatin tarayya ta kafa kwamitin bincike ƙarƙashin Dakta Abdulsalami Nasidi, wanda ya kammala rahotonsa a 2001. Lauyoyi suka kai ƙara a Nijeriya da Amurka. Akwai sunan asibiti, akwai wata da shekara, akwai yawan yara, akwai takarda da sa hannu, akwai iyayen da za a iya zuwa gidajensu. Wanda ke son ƙaryata labarin ya san inda zai je ya gwada sa'arsa. To a ɗora wannan ma'auni a kan zargin cewa ɗigon shan inna na kashe mahaifa ko yana ɗauke da ƙanjamau. Fiye da shekara ashirin ke nan, ina takardar da ta fallasa? Ina ma'aikacin masana'antar da ya tona? Ina garin da haihuwa ta tsaya? Labarin Trovan ya nuna cewa kamfani na iya cutar da talaka, ya kuma nuna cewa irin wannan cuta tana barin sawu. Masu wannan ra'ayi sun riƙe kashin farko sun yar da na biyu.

Sai su ce ai an gwada ɗigon shan innan a lokacin, an kuma ga ɓurɓushin sinadarin da ke cikin ƙwayar hana ɗaukar ciki. A nan ba a buƙatar ɗakin gwaje-gwaje, tambayar ungozoma ma ta isa. Ƙwayar tsarin iyali kullum ake shan ta, kuma macen da ta yi sakaci na 'yan kwanaki tana iya ɗaukar ciki. Ta yaya ɗigo biyu a bakin jaririya zai hana ta haihuwa bayan shekara goma sha takwas? Lokaci ma ya riga ya yanke hukunci. Yaran da aka ɗiga wa maganin tun daga 2004 yanzu iyaye ne, da goyo a baya. Binciken lafiyar al'umma na ƙasa na 2018 ya nuna mace a arewa maso yamma tana haifar yara 6.6 a matsakaici, adadin da ya fi na kowane yanki a Nijeriya. Jamhuriyar Nijar, wadda ita ma aka yi ta zagayen ɗigon gida-gida a cikinta, tana sahun farko a duniya wajen yawan haihuwa.

Hujja ta gaba ta fi taɓa zuciya, kuma uwaye ne suka fi yin ta. Me ya sa ake bin mutum har ɗaka da maganin shan inna kyauta, alhali idan zazzaɓin cizon sauro ko ƙyanda ya kama ɗansa sai ya sayar da akuya kafin asibiti ya dube shi? Wannan tambaya ce ta gaskiya, kuma hukumomi sun daɗe ba su ba ta amsar da ta kamata ba. Amma amsar tana nan. Ƙwayar shan inna a jikin ɗan Adam kaɗai take rayuwa, saboda haka idan aka katse yaɗuwarta a ko'ina, ta tafi ke nan har abada. An taɓa yin haka da agana, wadda aka sanar da ƙarewarta a 1980, kuma dattawa da yawa har yau suna ɗauke da tabon lambarta a dantse. A 1988, lokacin da ƙasashen duniya suka ƙudurta kawar da shan inna, cutar tana shanye yara kimanin 350,000 duk shekara a ƙasashe 125. Ƙasashe masu arziki suna zuba kuɗi a ciki ne har da don amfanin kansu, domin muddin ƙwayar na raye a Kano ko Karachi, jirgin sama ɗaya ya isa ya kai musu ita. Son kai ne da bai ɓuya ba, kuma ya ishi bayanin abin da ake gani ba tare da an ƙirƙiro wata ɓoyayyiyar manufa ba. Asibitin da babu magani kuwa, a tambayi waɗanda ke kasafta kuɗin lafiya a Abuja da gidajen gwamnatin jihohi. Duk fushin da aka juye wa yarinya mai ɗauke da akwatin ƙanƙara, fushi ne da waɗancan suka tsira daga gare shi.

Daga nan sai su faɗaɗa zancen. Manyan ƙasashe maƙaryata ne, in ji su. Amurka ta mamaye Iraƙi a 2003 da sunan makaman da ba a samu ba. Hukumar lafiyarta ta bar baƙaƙen fata 399 da ciwon tunjere a Tuskegee daga 1932 zuwa 1972 ba tare da yi musu magani ba, don kawai a ga yadda cutar ke cin jiki. A 2011 hukumar leƙen asirin CIA ta fake da rigakafin ciwon hanta a Abbottabad ta Pakistan wajen farautar Usama bin Ladan. Babu ƙarya ko ɗaya a nan, kuma abin da CIA ta yi cin amana ne da ma'aikatan rigakafi a Pakistan suka biya da rayukansu.

Sai dai wanda ya yarda gwamnatoci na ƙulla makirci, dole ya yarda suna iya ƙulla labarin makirci ma. A 1983 wata jarida a Indiya mai suna Patriot ta buga wasiƙar da ba ta da sunan marubuci, tana cewa sojojin Amurka ne suka ƙera ƙwayar ƙanjamau a ɗakin gwaji. Labarin ya zagaya jaridun ƙasashe da dama, ya samu gindin zama a Afirka. A 1992 shugaban leƙen asirin Rasha na waje, Yevgeny Primakov, ya amsa cewa hukumar KGB ce ta shuka shi. Ke nan mutumin da ke maimaita wannan labari a majalisa yau, yana jin ya kuɓuta daga farfagandar wata ƙasa, aikin leƙen asirin wata ƙasar yake yi kyauta. Bai daina yarda ba, wurin da yake miƙa yardar kawai ya sauya, kuma sabon wurin ba shi da adireshin da za a kai masa ƙara.

Akwai kuma hujjar manyan mutane. Ai likita ne ya fara faɗa, in ji su, wato Dakta Ibrahim Datti Ahmad, shugaban Majalisar Ƙoli ta Shari'ar Musulunci a lokacin. Matsayi ba ya maye gurbin shaida. Thabo Mbeki, tsohon shugaban Afirka ta Kudu, mai zurfin karatu ne, amma shakkar da ya yi a kan abin da ke haddasa ƙanjamau ta jinkirta rabon magani a Afirka ta Kudu, har masana a Jami'ar Harvard suka ƙiyasta cewa an yi asarar rayuka sama da 330,000. Andrew Wakefield likita ne a Ingila, kuma rahotonsa na 1998 da ya tsorata iyaye game da rigakafin ƙyanda a kan yara 12 kacal aka gina shi; a 2010 mujallar Lancet ta janye shi, aka kuma soke lasisinsa. Abin da ya fi ciwo shi ne al'ummar da ta gaji ilimin hadisi ita ce ake koya wa wannan. Malaman hadisi ba su taɓa karɓar ruwaya don mai faɗinta ya yi suna da ibada ba. Sukan tambayi wa ya gaya masa, shin sun yi zamani ɗaya, shin sun haɗu, yaya ƙarfin haddarsa, shin ya saɓa wa waɗanda suka fi shi kiyayewa. Sun ajiye ruwayoyin mutanen kirki da yawa saboda raunin hadda. Saƙon muryar da ba a san mai shi ba, ba a san ranar da aka naɗe shi ba, ba zai wuce ƙofar farko ta wannan ilimi ba, ko da ya yi daidai da abin da zuciya ke so.

Masu tsaye a ɗaya ɓangaren, waɗanda ke taƙaita komai da kalmar jahilci, su ma ba su kama bakin zaren ba. Karen Douglas ta Jami'ar Kent da abokan aikinta sun nuna cewa labarin makirci yana jan mutane ne ta buƙatu uku: son fahimtar abin da ya rikice, son jin cewa mutum na da iko a kan rayuwarsa, da son kare mutuncin jama'arsa. A 2003 duka ukun sun haɗu a Arewa. Ana kallon ruwan bama-bamai a Bagadaza, an fito daga zaɓen da ya bar ɗaci tsakanin Arewa da gwamnatin Obasanjo, ba a manta da manufar taƙaita haihuwa zuwa 'ya'ya huɗu ta zamanin Babangida a 1988 ba, ga raunin Trovan bai warke ba. Wanda maciji ya sara, ko tsumma ya gani sai ya yi tsalle. Abin da ya warware rikicin ma ba zagi ba ne. Gwamnatin Kano ta Malam Ibrahim Shekarau ta dawo da rigakafin da aka dakatar a Yulin 2004 bayan an samo maganin daga Indonesiya, ƙasar Musulmi, daga baya kuma Sarkin Musulmi Muhammadu Sa'ad Abubakar ya jagoranci sarakunan Arewa suka shiga aikin da kansu. Fahimtar dalilin tsoro wajibi ce, amma ba ta mayar da abin tsoron ya zama gaskiya.

Idan hujjoji suka ƙare, mafakarsu ta ƙarshe ita ce: tambaya kawai muke yi, tambaya kuwa ba ta kashe kowa. A 2002 yaran da shan inna ya kama a Nijeriya kimanin 200 ne. A 2006 sun haura dubu. Ƙwayar da ta tashi daga Arewa ta koma ƙasashe kimanin ashirin da suka riga suka rabu da ita, ta bi ta Chadi da Sudan ta tsallaka Yaman, a 2005 ta isa Indonesiyar da aka sayo maganin daga can. Saudiyya ta wajabta wa maniyyatan Nijeriya ɗigon, har da dattawa masu furfura. A Fabrairun 2013 'yan bindiga suka harbe ma'aikatan rigakafi tara a Kano, yawancinsu mata. A Agustan 2014, lokacin fargabar Ebola, saƙon da ya ce a yi wanka da ruwan gishiri a kuma sha ya tashi mutane cikin dare, wasu suka kwanta a asibiti, wasu suka mutu.

Ɗigon kansa yana da aibi na gaske, kuma masu jita-jita ba su ne suka gano shi ba. Ƙwayar da aka raunana a cikinsa tana iya rikiɗa ta sake ƙarfi idan ta daɗe tana yawo a inda yara da yawa ba su samu rigakafi ba. Masu binciken ƙwayoyin cuta ne suka gano hakan na faruwa a arewacin Nijeriya tun 2005, suka buga sakamakon, aka shiga aikin ƙera sabon nau'in ɗigo da bai cika rikiɗa ba. Giɓin da ƙin karɓar rigakafin ya bari shi ne filin da wannan rikiɗa ta samu.

An ga shan inna na asali karo na ƙarshe a Nijeriya a jihar Borno a 2016, kuma a ranar 25 ga Agustan 2020 aka sanar da cewa Afirka ta rabu da shi. Amma rashin yardar bai tsaya a kan ɗigo ɗaya ba. Lokacin da mashaƙo ya ɓarke daga ƙarshen 2022 zuwa 2023, Kano ce ta fi kowace jiha yawan waɗanda suka kamu, kuma akasarinsu yara ne da ba su kammala allurar da ke kare wannan cuta ba, wadda ke cikin jerin rigakafin jarirai da ake bayarwa kyauta a asibitocin gwamnati.