Kada A Ba Na'ura Makullin Ƙofarta

Jama'a, yanzu akwai manhajoji masu basira da ake aikawa intanet su yi wa mutum aiki, ana kuma rubuta musu jerin shafukan da aka hana su shiga. Irin wannan jeri yakan jawo ɓarna. A Disamba 2008 ƙungiyar Internet Watch Foundation ta Ingila ta sa aka toshe shafi guda na Wikipedia, sai mutane da yawa a can suka kasa gyara komai, har aka janye bayan kwana 4. To, lalle a riƙa ɗaga ƙafa. Amma ni a ganina, kada na'ura ta buɗe wa kanta. Ta rubuta roƙo da dalilinta, mutum ya duba ya amince, wa'adi na cika kuwa a sake rufewa.