GARURUWANMU: Ƙauran Namoda, Inda Dogo Ya Ƙare

Masu karatu, a wannan wata za mu dubi wani gari wanda ya daɗe yana yi wa gabashin Sakkwato hidima. Mutanen Wurno da Rabah da Goronyo ba su taɓa ganin jirgin ƙasa ya ratsa ƙasarsu ba. Amma a dā in mutumin wannan yanki ya bi hanyar Sabon Birni da Isa da Shinkafi, a ƙarshe zai iske tashar jirgi. Wannan tasha kuwa ita ce Ƙauran Namoda. Ko ruwa ma ya haɗa mu da ita, gama gulbin Gagare da ke wucewa ta gefen garin yana zubawa cikin Rima, Rima kuwa ita ke cika Madatsar Ruwa ta Goronyo.

Garin ya girmi dogo nesa ba kusa ba. An kafa shi a farkon ƙarni na 19, zamanin jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo. Ƙaura sarauta ce ta shugaban mayaƙa. Namoda kuwa jarumi ne daga cikin Alibawa, yana cikin waɗanda suka ci Alkalawa, birnin Gobir, a 1808. Har wa yau ana kiran sarkin garin Sarkin Kiyawa. Shekara fiye da ɗari mutanen wurin suna zaman noma da kiwo da fatauci, kamar sauran garuruwan Zamfara.

A 1929 al'amura suka sake. Turawan mulki suka jawo dogo daga Zariya, ya bi ta Funtuwa da Gusau, ya tsaya a Ƙaura bayan wajen kilomita 220. Ba don jin daɗin matafiya suka yi wannan aiki ba. Gyaɗa suke so, da auduga, da fatu da ƙiraga. Fatar jar akuyar Sakkwato tana da daraja ƙwarai a Turai. Kamfanonin Turawa suka buɗe kantuna a bakin tasha, suka kafa sikeli. Da kaka sai ka ga ayarin raƙuma da jakuna suna shigowa da buhuna. 'Yan dako suna lodi, malamin sikeli yana rubutu, taragu suna cika suna nufar Ikko. In sun komo sai su kawo gishiri da kananzir da yadi da goro.

Jirgi bai kawo kaya kaɗai ba, ya kawo mutane. Aikin reluwe yana bukatar direbobi da masu zuba gawayi da makanikai da akawuna da leburori masu gyaran hanya. Da yawansu daga kudu suka zo, Yarbawa da Ibo da waɗansu kabilu, tare da 'yan'uwa daga kudancin Zariya da Filato. Suka zauna a gidajen ma'aikata da unguwar baƙi. Waɗanda suke Kirista a cikinsu suka riƙa taruwa ran Lahadi, da haka ikilisiyoyi suka kafu a garuruwan bakin dogo. Hausawa sukan ce baƙo raɓa ne. To, a Ƙaura raɓar ta kwana, ta yini, har ta yi saiwa. 'Ya'yan baƙin suka tashi da Hausa a bakinsu. Matar makaniki tana sayen gero wurin maƙwabciyarta, ita kuma tana koyon dafa garin rogo a wurinta. Da Salla a kai tuwo, da Kirsimati a kai shinkafa. Ba wata hukuma da ta tsara wannan. Zama wuri ɗaya da bukatar juna suka koya musu.

Amma kome ya yi farko yana da ƙarshe. Fari ya auka wa Arewa daga 1972 zuwa 1974. A 1975 kuma cutar gyaɗa ta cinye gonaki. Kuɗin man fetur ya sa gwamnati ta juya wa noma baya, ta mai da hankali ga hanyoyin mota. Manyan motoci suka ƙwace lodi daga hannun jirgi. A 1986 aka rushe hukumomin sayen amfanin gona. Sannu a hankali kukan jirgi ya yi wuyar ji. An sha yin maganar za a kai dogon har Sakkwato, amma har yau a Ƙaura ya tsaya. Sabon dogon da aka ƙaddamar da aikinsa a 2021, daga Kano zuwa Maraɗi, ta ƙasar Katsina ya bi.

Duk da haka garin bai mutu ba. A 1983 Gwamnatin Tarayya ta buɗe babbar makarantar koyon fasaha a Ƙaura, ɗalibai suka riƙa zuwa daga ko'ina cikin Nijeriya. Da aka yanke Jihar Zamfara daga Jihar Sakkwato a 1996, Ƙaura ta zama ɗaya daga cikin manyan garuruwanta. Ƙidayar 2006 ta nuna mutum 281,367 a ƙaramar hukumar. Me ya riƙe garin? A ganinmu halin da ya koya a zamanin jirgi ne, watau karɓar baƙo. Garin da ya saba ba lebura ɗaki, bai sha wuyar ba ɗalibi ɗaki ba.

Ina ruwan Goronyo da wannan labari? Da ruwanta ƙwarai. An gama gina madatsar a 1984, aka buɗe ta a 1992. Ita ma ta jawo baƙi, injiniyoyi da masunta da 'yan ƙodago da masu sayen albasa da tafarnuwa da shinkafa. Abin da dogo ya yi wa Ƙaura, shi ruwa yake yi wa Goronyo da Wurno. Labarin Ƙaura kuwa ya nuna mana aikin gwamnati yakan raunana, kasuwa takan juya, amma zumuncin da maƙwabta suka ƙulla yakan daɗe.

Yau wannan zumunci yana cikin gwaji mai tsanani. 'Yan bindiga sun addabi Zamfara da gabashin Sakkwato. A Oktoba 2021 sun kai hari kasuwar Goronyo, rayuka da yawa suka salwanta. Hanyar Shinkafi da fatake suke bi a dā ta zama abin tsoro. Mutanen ƙauyuka sun gudo cikin garuruwa, waɗansu ba ko tabarma. Tsoro yakan sa mutum ya rufe ƙofa, ya riƙa duban kowane baƙo da zargi. In muka bar wannan hali ya zauna a zukatanmu, mun yi hasarar abin da ya fi dogo tamani.

Saboda haka, iyaye, ga aiki a gabanmu. Mu gaya wa yaranmu yadda kakanninsu suka zo garin da suke, da wanda ya fara ba su masauki. Mu san sunan maƙwabcinmu, ko masallaci yake zuwa ko majami'a. In 'yan gudun hijira sun sauka a unguwarmu, mudun dawa ko tsohuwar riga ba su yi kaɗan ba. Mu yi hattara yadda ya kamata, amma kada mu daina gaisuwa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Allah ya ba ƙasarmu salama. Sai wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.