Rarar harajin Disamba bashi ce a wuyan gwamnati

A ranar 26 ga Yuni 2025 Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a kan sababbin dokokin haraji guda huɗu, kuma daga 1 ga Janairu 2026 tsohuwar dokar VAT ta kau, hukumar NRS ta gaji FIRS. Harajin bai motsa daga kashi 7.5 cikin ɗari ba, shi ya sa 'yan kasuwa da yawa suke ganin babu abin da ya shafe su. Amma ga dilan siminti a Kalgo da mai injin casar shinkafa a Gwandu, akwai kuɗin da ke iya salwanta a tsakanin tsohon tsari da sabo.

VAT haraji ne da ake son ya ƙare a kan mai saye na ƙarshe. Ɗan kasuwa mai rajista yana biyan sa idan ya saro kaya, yana karɓar sa idan ya sayar, sannan ya cire abin da ya biya daga abin da ya karɓa, ya miƙa ragowar kafin ranar 21 ga wata mai bi. Idan abin da ya biya ya fi yawa, rarar tasa ce, yana wucewa da ita zuwa watan gaba.

A ɗauka dilan Kalgo ya saro siminti da kwanon rufi na naira miliyan 40 a Disamba 2025, ya biya harajin miliyan 3. A watan ya sayar da na miliyan 10 kawai, ya karɓi naira 750,000. Ya shiga sabuwar shekara ke nan yana bin gwamnati naira miliyan 2.25. Idan sabon tsari bai san da wannan rarar ba, zai biya haraji sau biyu a kan buhu ɗaya, kuma a ƙarshe maginin gida ne zai ɗauki nauyin a farashi.

Lamarin mai casar Gwandu daban ne. A tsohuwar doka shinkafa tana cikin abincin da aka keɓe daga VAT, saboda haka ba ya iya neman a mayar masa da harajin da ya biya a kan buhuna ko gyaran inji, sai dai ya zuba shi cikin farashi. Sabuwar doka ta sa abinci na yau da kullum a matakin sifili, ta kuma yarda a cire harajin da aka biya a kan injuna da hidimomi. Wannan ci gaba ne na gaske. Sai dai harajin injin da ya saya a 2025 bai taɓa zama rara ba a ƙarƙashin dokar da ya saye shi a cikinta, kuma wanda ya gina lissafinsa a kan dawowar wannan kuɗi ya yi ganganci. Abin da ya cancanci kariya shi ne rarar da tsohuwar doka ta riga ta amince da ita.

Indiya ta nuna yadda wannan gaɓa take lalacewa. Da ta fara harajin GST a 1 ga Yuli 2017, ta buƙaci 'yan kasuwa su cike fom mai suna TRAN-1 ta intanet domin wucewa da rararsu. Shafin ya yi ta ba da matsala, da yawa suka rasa wa'adin, aka shafe shekaru ana shari'a, har a 2022 Kotun Ƙoli ta ba da umarnin a sake buɗe ƙofar.

Akwai mai cewa buɗe ƙofa zai jawo rasit na bogi, kuma jihohi, da kasonsu ya tashi daga kashi 50 zuwa 55, da ƙananan hukumomi irin su Gwandu da Kalgo masu rabon kashi 35, su ne za su ji a jikinsu. Tsoron yana da tushe, amma maganinsa bincike ne. Rarar da ke rubuce a bayanan Disamba tana hannun hukuma tun tuni, tana iya gwada ta da bayanan kamfanin da ya sayar da kayan.

Ya kamata NRS ta ɗauki rarar ƙarshen Disamba a matsayin mafarin lissafin Janairu kai tsaye, ta ba da wa'adi mai tsawo na gyara, ta karɓi takarda a ofishinta na Birnin Kebbi daga wanda intanet ta gagara, ta kuma yi bayani da Hausa a rediyo. Ƙananan 'yan kasuwa da ɗaga iyakar ciniki ya fitar daga karɓar VAT ba su da harajin da za su cire rararsu daga ciki, don haka a mayar musu da kuɗinsu.

Shi kuma dila, ya adana rasit mai lambar harajin wanda ya sayar masa, da ƙidayar kayan da suka kwana a shagonsa ranar 31 ga Disamba. Gwamnatin da ke neman mutanen Kebbi su yi rajista da son ransu za ta fi samun su idan suka ga ta biya wanda yake bin ta.