Biyar cikin ɗari ba hukuncin alƙali ba ne

A azuzuwan ƙididdiga an mayar da wata lamba abin bauta: 0,05. Ɗalibi ya zuba alƙalumansa cikin na'ura. In darajar «p» ta faɗo ƙasa da wannan iyaka, sai ya rubuta «significatif», malami ya sa hannu, magana ta ƙare. Wannan hadda ce, ba ilimi ba.

Iyakar nan ba daga sama ta sauko ba. Ronald Fisher, masanin ƙididdiga a tashar binciken noma ta Rothamsted a Ingila, shi ya yayata ta a littafinsa na 1925, domin sauƙin aiki. Tambaya ɗaya «p» ke amsawa: da a ce babu wani bambanci a zahiri, sau nawa dace kaɗai zai haifar da sakamako irin wannan, ko wanda ya fi shi? Ba ta ce hasashen mai bincike gaskiya ne ba, ba ta kuma ce bambancin yana da girma ba.

Ɗauki irin taki ashirin waɗanda ba su ƙara wa hatsi kome, ka gwada kowanne: a ƙiyasi, ɗaya zai tsallake iyakar bisa dace. In shi kaɗai aka buga labarinsa, manomi ne zai biya kuɗin kuskuren. Haka nan, in gonakin gwaji sun yi yawa, ƙarin tiya guda a eka na iya zama «significatif», alhali bai mayar da kuɗin buhun takin ba.

Masu cewa wannan gardamar ta fi ƙarfin ɗalibi su dubi abin da hadda ta jawo wa manya. A 2015 an buga sakamakon sake gwaje-gwaje 100 na ilimin halayyar ɗan Adam: 97 sun tsallake iyakar a karon farko, kashi 36 cikin ɗari kacal a karo na biyu. A 2016 ƙungiyar masana ƙididdiga ta Amurka ta yi kashedi kada a rataya hukunci a kan «p» ita kaɗai.

Saboda haka, ya ku malamai, kada ku karɓi «significatif» daga bakin ɗalibi sai ya amsa tambayoyi uku. Bambancin nawa ne, a kilo ko a kuɗi? Gwaji nawa aka yi kafin a samu wannan? In an sake, me ake sa ran gani? Wanda ya kasa amsa su bai gama darasi ba, ko da na'ura ta ce ya ci.